Lambar da Alwala Ta Wanke

Zuwa ga Shugaban cibiyar bincike da jinyar masu ciwon daji, wadda ta turo mana motar gwajin mata Suleja kafin azumin bana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ban ambaci sunan cibiyarku ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba, gudun kada mata su ji su ƙi zuwa gwaji gobe ne. Ku dai kun san kanku. Sau uku ina zuwa ofishinku ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani.

Sunana Hajara, ina koyarwa a wata makarantar matan aure a Kurmin Sarki. Maganata guda ce. A wayata akwai saƙo daga cibiyarku da ke cewa mace ɗaya ta dawo da gaggawa don ƙarin bincike, kuma wallahi ban san ko wace ce ba. Mu goma sha huɗu ne. Yau mako bakwai ke nan.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don na lura a ofishinku kowa guntun labarin ya sani.

Na farko, ni na kai matan. Da ma'aikatanku suka zo neman wadda mata ke jin maganarta, ban tsaya jan aji ba, saboda dajin bakin mahaifa ne ya ɗauke yayata, Yaya Rabi. Shekara guda tana zubar da jini muna cewa al'ada ce ta rikice mata, har sai da likita ya dube mu ya ce ina muka tsaya tuntuni. Ba na manta wannan tambayar. To, gida-gida na bi. Na durƙusa wa mazan da ban taɓa yi wa magana ba, na ce ba allurar hana haihuwa ba ce, ba kuma jini za a kwasa a sayar ba, kuma mata ne za su duba. Wani ya ce, "Malama, don ke ce." Kusan duk amsar da na samu ke nan. Na tara ɗalibaina goma sha biyu, na haɗa da maƙwabciyata Maman Ngozi mai sayar da abinci, wadda ke haya a gidan da ke jikin namu. Da muka isa bakin motar kowa ta noƙe, ni na cire hijabi na fara shiga don su ga ba abin tsoro.

Na biyu, maganar lambar waya. Takardarku ta nemi kowace mace ta ba da lambar da za a turo sakamako. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara takardar nan bai san gidajenmu ba. Wayar mace a nan ta kowa ce. Da rana tana hannun yara, da yamma maigida na iya ɗauka ya kira wani, wata ma ɗanta ne ke karanta mata saƙo. Wace uwa ce za ta so ɗanta ya karanta mata zancen mahaifarta? Inna Kulu, wadda ta girme mu duka, ita ta fara cewa, "Malama, sa taki kawai, kya faɗa mana." Sauran suka bi. Ma'aikaciyarku ba ta hana ba, cewa ma ta yi hakan ya fi sauƙi. Takarda goma sha huɗu, lamba ɗaya.

Na uku, kuma nan ne kan maganar. An ce mana saboda sirri ba a rubuta suna a jikin kwalbar gwaji, sai wata lamba mai haɗe da haruffa, kuma kowa za a ba ta ɗan kati mai ɗauke da tata. Kafin layi ya zo kanmu katin ya ƙare, don matan Madalla da na Sabon Wuse sun riga mu. Sai ma'aikaciyar ta ɗauki biro ta rubuta wa kowa lambarta a bayan hannu, ta ce mu kwafe idan mun isa gida. Inna Kulu har da tsokana, wai yau an yi mata lalle na 'yan boko. Muka yi ta dariya.

Aka kira sallar azahar muna nan. Muka shiga wani gida kusa muka yi alwala, kowa ta wanke hannu sau uku kamar yadda ni da kaina nake koya musu. Maman Ngozi kuwa ta ruga shago ta tsoma hannu a ruwan wanke-wanke. Ko ɗaya babu wadda ta kwafe. Ba zan ɗora muku duka laifin ba, ni ce mai biro da littafi a jaka, ni ya kamata in rubuta, ban rubuta ba. Amma fisabilillahi, wa ke rubuta wa mace musulma abu mai muhimmanci a hannu ana saura kaɗan a kira salla?

Bayan ƙaramar salla saƙonni suka fara shigowa, kowane da lamba, babu suna. Goma sha uku sun ce ba a ga komai ba. Na goma sha huɗun ya ce mai wannan lamba ta dawo cibiya ba tare da ɓata lokaci ba. Na jera lambobin ko zan gane ta tsarin shigarmu, ashe ba a jere suke ba, kowace da kamarta.

Na huɗu, zuwan da na yi. Ranar Litinin ta farko na yi sammako, na sha cunkoson Madalla, na isa. A teburin karɓar baƙi aka ce motar gwaji ba ta asibiti ba ce, ta sashen bincike ce, kuma ranar ba sa zama. Na koma Laraba. Wata yarinya mai kirki ta ba ni kujera, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce takardar da ke haɗa suna da lamba tana kulle, likitar da ke jagorantar binciken kaɗai ke iya buɗewa, ita kuma ta tafi ƙaro karatu ƙasar waje. Na ce a kira ta mana. Aka ce za a aika mata. Zuwa na uku wani babba ya fito ya yi mini bayani cikin ladabi cewa ko da takardar tana gabansa, doka ta hana shi faɗa mini sunan, domin sirrin mai shi ne. Ya ce in je in kawo mai lambar.

In kawo ta! Ranka ya daɗe, da na san ta me zai kawo ni wurinku sau uku? Ku kun san sunanta, ba za ku faɗa ba sai ta zo. Ita ba za ta zo ba don ba ta san ita ce ba. Ni da saƙon ke hannuna an ce ba ni da hurumi. Ba na faɗa da dokar sirri, ita ce ma na yi ta kafa hujja da ita a gaban mazajensu. Amma sirrin da ya kai ga an ɓoye wa mace ciwonta, wa yake karewa?

An ce in dawo da su duka a sake gwaji. Faɗa a baki ai da sauƙi! Motar ta gama zagayenta, gwajin kyauta ya rufe. Kuma da me zan koma gidaje goma sha uku? In na ce ɗaya daga cikinku ce, na jefa gidaje goma sha uku cikin tashin hankali, kuma na san aƙalla maza biyu da za su ce da ma sun faɗa, ba inda matansu za su sake zuwa. In na yi shiru, ga abin da shiru ya yi wa Yaya Rabi.

Don haka na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Ƙarya nake yi musu. Duk wadda ta tambaya sai in ce sakamako bai gama fitowa ba. Ni da nake tsayawa gabansu ina karantar da babin gaskiya da riƙon amana. Maman Ngozi kan leƙo ta katanga da safe ta ce, "Malama, har yanzu?" in ce har yanzu. Yanzu ba karatu nake koyarwa ba, kallonsu nake yi. Inna Kulu ta dafa ƙugu za ta tashi, gabana ya faɗi. Maman Ngozi ta ɗan rame, na kasa cin abinci, ashe azumin cocinsu take yi. Talatu, ƙaramar cikinmu, ta raɗa mini a kunne cewa ta samu ciki bayan shekara shida tana nema. Na rungume ta, na shiga bayi na yi kuka, don ban sani ba ko ita ce. Na gaji, ranka ya daɗe. Ajin da na fi so a duniya ya zame mini wurin da nake tsoron shiga, kuma ba ni da halin in daina zuwa.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a buɗe takardar nan a wannan makon. Ban yarda cewa cibiya kamar taku ba ta da mutum na biyu da zai iya buɗe ta ba. In kuwa da gaske babu, to kai ne shugaba, ka ba da umarni.

Biyu, ba na neman a faɗa mini sunan, ba na ma so. Ku turo ma'aikaciya mace ta zo makarantarmu ranar karatu, ta gana da kowace ɗaya a ɗaki ita kaɗai, kamar dai sakamako ake raba wa kowa. Ta haka mai shi za ta ji nata, ba wanda zai gane. Maman Ngozi ni zan shigo da ita.

Uku, wadda abin ya faɗa wa, a ɗauke ta a matsayin wadda ta zo kan lokaci, don ta zo ɗin. Kada wani likita ya dube ta ya ce ina ta tsaya tuntuni. A bakin motarku ta tsaya.

Huɗu, duk inda motar nan za ta sake zuwa, in kati ya ƙare a tsayar da gwaji, ko a yago ko da bayan kwali ne a rubuta. Kuma a daina karɓar lambar waya ɗaya wa mata da yawa, ko da su suka roƙa.

Akwai abin da ban faɗa ba game da zuwana na uku. Da mutumin ya ce in kawo mai lambar, sai na ce masa ai wataƙila ga ta a gabanka, ni ma an gwada ni ranar, ni na fara shiga. Ya dube ni da tausayi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce to in nuna katina. Na miƙa masa bayan hannuna. Maigidana har yau bai san wannan ɓangaren ba, yana ganin damuwar ɗalibai ce kawai ta ramar da ni.

Allah Ya yi maka jagora, Ya saka wa ma'aikatanka da alheri kan abin da suka yi daidai, Ya ba masu jinya a cibiyarku lafiya, Ya tsare iyalinka daga irin wannan jira. Wayata a kunne take, lambar kuwa kuna da ita har sau goma sha huɗu.

Wassalam.

Hajara,
malamar matan aure, Kurmin Sarki, Suleja.