Muryar Inna a Bayan Karatun Malam

Gwaggo Madina, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Abin ya daɗe yana cina, duk wanda na fara faɗa wa sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa ba haƙurin ne ya gagare ni ba, hanya nake nema. Ni malamar makaranta ce, kwamfuta nake koyarwa a Baure, amma gidanmu a cikin Daura yake, can nake yin ƙarshen mako. Ni ce auta a ɗakinmu. Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu ina 'yar firamare, ko zani ban iya ɗaurawa da kyau ba. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, don haka fuskarta sai dai in kalli yayata Zubaida in yi ta kintace. Muryarta kuwa tuni ta ɓace mini, har kunyar kaina nake ji idan ana hirarta.

Mahaifinmu malamin zaure ne. Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a zaurenmu cika yake maƙil, magidanta da 'yan kasuwa har daga garin Babban Mutum, kowa na son sanin hukunci. Wani ɗalibi ya kawo wa Malam rikoda, shi ke nan aka shiga ɗaukar karatun a kaset. Da Malam ya rasu bara, sai muka tarar da kaset cike da akwatunan ƙarfe, wasu sun yi fumfuna, wasu zaren ya manne. Babban wanmu, Yaya Suhaibu, wanda ya gaji zauren, ya ce tunda ni ce mai ilimin na'ura, in san yadda za a yi kada karatun nan ya salwanta.

Na karɓi aikin da murna. Na samo tsohuwar kwamfutar tebur a wurin wani mai gyara, na buɗe cikinta na kakkaɓe, na sauya mata fanka, na sa mata babban faifan ajiya guda ɗaya. Na jona ta da rauta, 'yar na'urar da ke sada ta da wayoyin gida ba igiya, na haɗa ta da batirin solar gidan. Irin abin nan ne da masu sana'armu ke kira saba, wato kwamfutar da ba a zama a gabanta, aikinta kawai ta riƙe kaya, duk wanda ke cikin gida ya buɗe wayarsa ya kalla ko ya saurara ba sai da data ba. Na sha wuya kafin ta zauna, don zafin bazara kashe ta yake yi da rana tsaka, sai da na mayar da ita tsohon ɗakin Inna, wanda ya fi ko'ina sanyi, na ɗora ta a kan bulo. Mutanen gida suka raɗa mata suna Rumbu, kowa ya zuba hotunan sunan 'ya'yansa da bidiyon biki a ciki. Kafin in taɓa kaset ɗin Malam, Yaya ya sa na yi masa alkawari a gaban Yaya Zubaida cewa ba zan fitar da komai daga gidan ba sai ya saurara ya tantance, saboda karatun addini amana ne. Na ce na ɗauka. Wallahi a lokacin ban san abin da ke ciki ba.

Wata Asabar da hantsi ina juya kaset zuwa cikin Rumbu, iyafis a kunnena, Malam yana fassara babin tsarki. Ashe a kan tagar zaure ake ajiye rikodar, tagar da ke kallon tsakar gida daf da madafa. Can ƙasa-ƙasa sai na ji ƙarar turmi, da wata mace tana rera waƙar daka. Sai ta katse waƙar, ta ƙwala wa Auta kira, ta ce in sauka daga bakin rijiya kafin ta zo ta same ni. Gwaggo, ban san lokacin da na ce na'am ba, ni kaɗai a ɗaki, ƙatuwar mace da ni.

Tun daga ranar ban ƙara jin karatun Malam ba, Allah ya yafe mini, bayansa nake sauraro. Na ji yadda take dariya, sai ta ja numfashi tukuna kamar za ta fasa. Na ji ta tana korar kaji, tana ciniki da mai nono har tana rantsuwa jiya ya fi kauri, tana tambayar wanda ya ɗauke mata ludayi. Ashe Inna akwai tsokana! Ni duk zatona mai shiru-shiru ce, haka aka yi ta faɗa mini. A kaset ɗin ƙarshe-ƙarshe tari ya fi magana yawa, daga nan kuma sai tsit, muryar Malam kaɗai. Waɗannan ba na iya jin su har ƙarshe. Yanzu tun daga Litinin nake ƙosawa Juma'a ta yi, don Rumbu ba ya kaiwa ko ƙofar gida, balle Baure. Ina sauka a mota sai bakin ƙofar ɗakinta, in zauna a dandamali in toshe kunne. Ina kewarta, Gwaggo, kewar da ban ma san ina da ita ba.

Da gudu na je na faɗa wa Yaya, ina zaton zai yi murna. Sai ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce Inna har ta koma ga Allah ba ta yarda muryarta ta wuce zaure ba, kuma da ta san rikodar na kama ta, da ta kama bakinta. Ya ce an ɗauke ta ne ba da saninta ba, shi kuwa ba zai zauna maza su sa muryar mahaifiyarsa a kunne ba. Yana so kafin azumi a buɗe wa ɗalibai karatun, don haka in wanke shi da na'ura in cire duk wani motsi na cikin gida, in goge na asalin ƙaf, kada wata rana ya faɗa hannun wani. Su kuma kaset ɗin a ƙona su a binne tokar, kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardu masu ayoyi. Na miƙa masa iyafis na roƙe shi ya ji ko kaɗan ne, ya ture hannuna, ya ce shi ba shi da komai a cikin kaset ɗin nan.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ne ɗan fari, kin san yadda iyayenmu na da suke. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta wasa da shi, an ce ko ido ba sa haɗawa. A kaset kuwa Auta ce, Zubaida ce, kowa ana kira ban da shi. Amma ai yana ciki! Kusan duk ranar da aka tuƙa tuwo sai na ji ta rage murya tana cewa a kankare ƙanzon a ajiye wa yaron nan, a rufe kada kaji su taɓa. Har yau da furfura a gemunsa, Yaya ba ya wasa da ƙanzo. Na so in faɗa masa, bai ba ni fuska ba. Yaya Zubaida tana aure a Dutsi, na kira ta, ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta ce ita ba za ta shiga tsakaninmu ba.

Ga wani tashin hankalin kuma, faifan ajiyar ya fara wata 'yar ƙara, ƙyas-ƙyas, idan ana karanta shi. Na san ma'anar wannan ƙarar, ni nake koya wa yara ita. Akwai memori a jakata, makon jiya har na soka shi na sake zarewa. Minti kaɗan ne in kwashe Inna in tafi da ita Baure, ba wanda zai sani. To alkawarin fa? Idan na kwasa na ci amana? Idan kuma na goge da hannuna, anya zan iya yafe wa kaina? Na rasa ta sau ɗaya ban san komai ba, yanzu ana so in rasa ta ina ji ina gani. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki, Autar Malam, Daura.

Amsar Gwaggo Madina

Autar Malam, Allah ya ji ƙan Inna da Malam, ya haskaka makwancinsu. Na karanta wasiƙarki na ajiye, sai da na share ido kafin na ɗauki biro. Kewar uwa ba laifi ba ce, kada ki bari kowa ya sa ki ji kunyarta.

Gaskiyar da kika nema ga ta: ki fitar da memorin nan daga jakarki. Kin yi alkawari da bakinki, kuma idan kika kwasa a ɓoye, duk ranar da kika kunna za ki riƙa waige. Ranar da ya gane kuwa, ba kaset kaɗai za ki rasa ba. Amma ki lura, alkawarin da kika ɗauka na kada ki fitar ne, ba na gogewa ba. Don haka kada ki goge komai, kuma ki faɗa masa haka cikin ladabi, ido da ido.

Yayanki ba mugu ba ne. Suturar mahaifiyarsa yake karewa, yana da gaskiya cewa ita ba ta zaɓi baƙi su ji ta ba. Wannan ki ba shi dukkan haƙƙinsa. Inda ya zarce shi ne haɗa ku da ɗalibai. Inna daga mazan zaure take ɓoye muryarta, ba daga 'ya'yan da ta haifa ba, ai ke take kira a bakin rijiyar. Fatawa ba aikina ba ne, amma ku sami wani dattijo cikin abokan Malam wanda Yayanki ke jin nauyinsa, ku kai masa tambayar tare, ba ƙara ba.

Ta fannin aiki, kin fi ni sani, sai dai damuwa ta rufe miki ido. Faifan da ya fara ƙara ba ya jiran a gama shawara. A makon nan ki nemi izinin Yaya ki sa na biyu, ki kwafe komai a kai, ya zauna a cikin gidan a ƙarƙashin makullinsa. Ba zai ƙi ba, don karatun mahaifinsa ne ke cikin haɗari. Kafin nan ki rage kunna tsohon, na san da wuya. Sannan ki raba Rumbu gida biyu. Wankakken karatu a ɓangaren ɗalibai, na asali a ɓangaren da ku ukun nan kaɗai ke da kalmar sirrinsa, ki zaunar da Yayanki ya gwada da wayarsa ya ga ba ya buɗuwa sai da kalmar. Ki kuma tuna masa cewa na'urar da ke cire ƙarar turmi takan haɗa da harafin mai karatu, to idan aka goge na asali, da me za a duba abin da Malam ya faɗa? Zancen ƙona kaset a jinkirta shi. Maganar kai kwafi Dutsi ko Baure ki bar ta zuwa gaba, da izininsa za ta zo.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Mutumin da ya ce ba shi da komai a kaset ɗin nan, ba hukunci yake karanta miki ba, ciwonsa ya faɗa miki. Ke kin je masa da murnar an kira sunanki, shi kuwa ya san ko zai saurara har ƙarshe ba zai ji nasa ba. Kin yi rashin uwa tun kina ƙarama, shi ya yi kewarta tun tana raye, suna gida ɗaya.

Kada ki sake miƙa masa iyafis, ɗan fari ba zai yi kuka a gaban auta ba. Ki yanko wuraren ƙanzon nan, su kaɗai, ki haɗa su wuri guda a ɓangaren da shi kaɗai zai iya buɗewa. Ki ba shi kalmar sirrin, ki ce saƙo ne nasa, kada ki ƙara ko kalma. Ki hau mota ki koma Baure, kada ki kira, kada ki tambayi matarsa ko ya ji. Ban yi miki alkawarin zai sauya ra'ayi ba, wataƙila ya ɗauki lokaci. Amma ba daidai ba ne ya yanke hukunci a kan muryar nan bai san me ta ce game da shi ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya miki zuciya, ya bar miki abin da kika tsinta. Shi kuma Allah ya ba shi ikon saurara. Inna ta daɗe da ajiye masa rabonsa a rufe, ki kai masa.