Shaidar da Kawu Ya Yi wa Gagarau

Morrisania, Bronx

Zuwa ga Kawu Rashidu,

Assalamu alaikum. Ya jikin, ya ƙafar? Allah ƙara sauƙi. A gaida mutanen Maraɗi. Tunda kunnenku ba ya ɗaukar waya, na rubuta na turo hoton takardar.

Bayan gaisuwa, Kawu, raina a ɓace yake. Ashe da za ku tafi kun ce wa yaronku Yacouba in ya rufe garejinku ya kwance karenku Gagarau ya sake shi? Ya sake shi ina? Nan Bronx ce fa, ba rumfar mahauta ba da za a jefa masa ƙashi. Ya kuwa kwance shi ya yi tafiyarsa. Na bi layi-layi cikin ƙanƙara ina kira kamar taɓaɓɓe, daga ƙarshe na same shi a gidan da ake tara karnuka marasa masu su. Kwalba ta yanke shi a ƙafa, ya rame, ba ya cin abinci.

Ni da ban zauna lakkol na yi boko ba, a bangon jirgin ƙasa na koyi Turanci, amma na karanta takardunsu tas. Wurin ya cika maƙil, kuma wanda ba a ɗauka ba allurar mutuwa ce ƙarshensa. Ni ba halin ɗaukarsa: mu huɗu ne a gidan, a falo muke salla, mai gidan ma ya hana.

Akwai wata Nimatu, 'yar zangon Kumasi, tana taimaka wa masu nema wa irin waɗannan karnuka gida. Ta samo wasu mata da miji masu 'yan yara biyu da suka ga hotonsa suna so. Sai dai su Nimatu ba sa miƙa kare haka nan, sai sun san halinsa. Ku rubuto mini duk abin da kuka sani, da sauri.

Ɗanku,
Abdou

Maraɗi

Zuwa ga ɗana Abdou,

Wa alaikumus salam. Jiki Alhamdu lillahi, ƙafa tana takuwa. Kowa yana gaishe ka.

Na ga faɗanka, bakinka bai canza ba. Ba mugunta ta sa ba, ɗana. Na ji an ce a gidan nan kashe su ake, na ce gara ya nemi rabonsa a sarari, yadda muka saba a gida.

Batun hali kuwa, kwantar da hankalinka. Duk wanda ya samu Gagarau ya samu mai gadi. Ba ya wasa da baƙo. Kafin ka zo ƙasar, wani yaro ya tsallako shingen waya zai ɗauki ƙwallonsa, ya cafke masa ƙwauri, sai da na zo da kaina ya saki. Tun ran nan ko ƙusa ba ta sake ɓata a gareji ba. Ka faɗa musu wannan da babbar murya, rububinsa za su yi.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka,
Rashidu

Morrisania

Kawu, salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Rububi? Wallahi da na karanta sai da na zauna a matakala. Abin da kuke kira yabo, a nan shi ke kashe kare. Ba gadi suke nema ba, abokin wasan 'ya'yansu suke nema, wanda zai kwana a gindin gadon yara!

Jiya sun zo ganinsa. Ƙaramar, wadda haƙoranta na gaba suka fita, ta zura hannu cikin keji. Ya lashe ta. Kowa na dariya, ni gumi nake. Ta ce za ta ɗaura masa jan ƙyalle.

Na nuna wa Yacouba takardarku, ya ce, "Kai dai sarkin surutu, rufe bakinka. Wa ya sani ban da mu?" Na ce, "Kai da ka iya kwance igiya, yau kuma ka zama lauya?" Amma maganarsa ta ƙi barin kaina. In na yi shiru, Asabar yana cikin gida mai ɗumi. In na faɗa, za a rubuta a jikin kejinsa ya taɓa cizon yaro, kuma na ga yadda mutane ke wuce irin wannan keji.

Nimatu ta kira tana cewa, "Ɗan'uwa, tsohon ya amsa?" Na ce tukuna. Ku kuka ɗaure shi shekara da shekaru a bayan gareji, ku kuka sa aka sake shi, ni aka bar wa zaɓi.

Ku yafe mini zafin baki.
Abdou

Maraɗi

Ɗana Abdou, salamu alaikum.

Ban san haka abin yake ba. Karen amanata ne, na sani. Amma yarinyar nan ɗiyar wani ce, kuma ni na ga ƙwaurin yaron nan da idona, kai ba ka gani ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Allah ya zaɓa mafi alheri.
Rashidu

Morrisania

Kawu, salamu alaikum.

Na faɗa. Na fassara wa Nimatu takardarku kalma-kalma, ban rage komai ba. Mutanen sun janye, uban ya riƙe hannuna ya yi godiya, na kasa kallonsa.

An rubuta a jikin kejin. Nimatu ta ce wani dattijo a Port Richmond, tsohon direban bas, yana zaune shi kaɗai ba yara, ya karanta kuma bai fasa ba. Ya ce zai zo ya gan shi Asabar. Zai zo ya gani kawai ya ce.

Yarinyar ta aiko da jan ƙyallen. Na ɗaura masa. Ku yi addu'a, ku kuma gaya mini abin da ya fi so ya ci, don har yanzu ya ƙi.

Ku huta lafiya.
Ɗanku,
Abdou