Rufi Nasa, Kafaɗa Tawa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da aikin mota. Ka yi haƙuri da wannan rubutu kamar tonon kaza, da hagu nake yi.

Kafin a ƙara maka gishiri, ga yadda aka yi. Ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga, sai na ji kamar an harba bindiga. Wani baƙin dutse, bai fi dunƙulen hannunka ba, ya huda kwanon rufi, ya daki teburin yanka, ya yi tsalle ya karya min kafaɗar dama. Maƙwabta suka ce gatarin aradu ne, alhali ko gajimare babu. Malaman jami'a sun zo sun duba, suka ce daga sararin samaniya ya faɗo, kuma gidajen tarihi na sayen irinsa da daraja. Wai da a ka ya same ni, da yanzu gaisuwa kake karɓa.

Mai gidan da nake hayar shago ya ce dutsen nasa ne, tunda rufinsa ya fasa. Na ce masa rufi nasa, kafaɗa tawa. Dutsen yana cikin akwatin zare, kuma ba zan bayar ba.

Ka gaida yara.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan samun sauƙi. Hankalina ya tashi ƙwarai da na karanta takardarki. Allah ya tsare gaba.

Yaya, ki gafarce ni, amma ina ganin ki bar masa. Mutumin nan bai taɓa takura miki ba, kuma duk masu kawo ɗinki nan suka san ki. Idan aka shiga kotu, ko kin ci, kin rasa maƙwabci. Kin tsira da ranki, wannan ya ishe mu. Ban san ki da riƙe abin duniya haka ba.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta

Auta,

Na ga saƙonka, na gode. Zauna ka karanta wannan.

Da aka ɗauki hoton kafaɗar a asibiti, likita ya ga wata inuwa a saman huhuna. Aka sake gwaji, ƙari ne. Ya ce yanzu ƙarami ne, ana iya cire shi, amma da an ƙara shekara ba a gani ba, da sai dai addu'a. Ni kuwa ko tari ba na yi, me zai kai ni hoton ƙirji? Kuɗin aikin tiyatar ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin motarka ko ka sayar da ita, kuma ba zan yarda ka sayar ba.

Na je na faɗa wa mai gida duka, a gaban matarsa. Na ce zan gyara masa rufi, in ƙara da na gaban shago. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sawwaƙe, amma haƙƙinsa haƙƙinsa ne. Na ce, "Baba, to mu haɗu gaban alƙali. Ni rai nake nema."

Na ɗauki lauya. Kada ka gaya wa Inna tukuna, hawan jininta ya ishe ta.

Yayarka

Yaya,

Ki yafe min maganar da na yi. Na ɗauki hutu, ina tafe ranar zaman kotu. Ki ajiye min hudajjen kwanon da teburin yadda suke, lauya zai so a gani. Inna kuma ni zan zauna da ita in gaya mata, a hankali.

Naki,
Auta

Auta,

Gaisuwa daga gadon asibiti. Tun ranar da alƙali ya ce dutsen nawa ne ka koma bakin aiki, ga sauran labari. Gidan tarihi sun saya, da kuɗin aka yi aikin shekaranjiya, an cire ƙarin duka. Inna na gefena tana yi min faɗan ɓoye-ɓoye.

Mai gida ya aiko in tashi ƙarshen wata. Na riga na ga wani ɗaki kusa da tasha, rufinsa siminti. Ka zo da motarka mu kwashe kekuna.

Yayarka