Ƙarfen da kika hana a sa mini

Zuwa ga kakata Hajo, matata ta wasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Allah, mijinki ne na Tabotaki, wanda kike cewa ko goron sallah bai taɓa ba ki ba.

Kin tuna daminar da ta biyo bayan babban fari? Shekarata goma sha tara. Na daina zuwa dandali, na daina wanka, barci ya ƙaurace mini. A gona sai in tsaya da hauya a hannu, ina jin ana kiran sunana cikin gero. Baba ya ce lalaci ne.

Ke kaɗai kika lura na janye hannu daga akushi, don na sa a raina an zuba mini guba a tuwo. Ba ki yi musu da ni ba. Kullum sai ki fara kai loma a gabana, ki ce, "In mutuwa ta, mu tahi tare, maigida."

Ranar da na fasa randar gidanmu, Baba ya kai ƙarfe maƙera a yi mini marin ɗaure ƙafa. Mutane suka ce iskoki ne, a kira masu goge, tunda ke ce uwar borin garin. Da kin ce e, babu mai ja da ke. Sai kika zauna da ni kwana uku, kina tambaya kina saurare. Kika fito kika ce, "Shekara arba'in ina tare da su, na san muryassu. Wanga ba nasu ba na. Ciwo na, a kai shi likita."

'Yan borinki sun yi fushi, wasu ba su sake taka ƙofarki ba. Ko a jikinki. Ke kika shiga mota da ni har asibitin Tawa, ke da amalanke ma ke sa wa jiri. Wata da watanni kina tsaye a kaina sai na haɗiye magani. Kaka, ban taɓa ganin jaruma irinki ba, kuma ban faɗa miki ba kina raye.

Ƙarfen nan kika mayar wa maƙeri ya ƙera hauya. Da ita nake noma har yau.

Jiya Rabi, ƙanwar matata da ke zaune wurinmu, ta ture kwano ta ce an sa mata wani abu. Na jawo kwanon, na fara kai loma. Gobe da safe za mu Tawa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna.

Mijinki marowaci,
Illiyasu