An Ce Nononta Ne

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohon malamin kimiyya ne a Daura. A shekarun saba'in, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowane malami ya hau sabon babur, aka haifa mana 'yar fari. Tana shan nono sosai, amma ba ta ƙiba, sai gudawa da kumburin ƙafafu. Tsofaffin gidanmu suka tatsi nonon uwar a ludayi, suka jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta mutu, aka yanke hukunci: nono ba shi da kyau. Na ce ko a shayina aka jefa ta nutsewa za ta yi, aka ce boko ya cinye ni. Muka je asibiti, aka ce tamowa ce. Yarinya ta rasu kafin yaye.

Babu wanda ya kori matata. Ita ta yarda da tururuwar, ta ce ba za ta sake haifa mini abin binnewa ba, ta nace sai da na sauwaƙe mata, ta koma Zango. Na sake aure, muka hayayyafa, daga baya ta biyun Allah Ya karɓi abarSa. Yanzu daga ni sai rediyo.

Bana jikata ta zo da irin ciwon sak. Likita ya ce akwai wani sinadari a bakin ƙaramin hanji, enterokinase, shi ke tada sauran sinadaran da ke narkar da abinci mai gina jiki, kamar madara da nama. In babu shi, yaro ya sha ya ƙoshi amma jiki bai samu ba. Gado ne, daga uwa da uba. Na sha zana sunan nan a allo, ban taɓa kawo shi gidana ba. An ɗora jikar a magani, har ta yi kumatu. Na tambayi likita ko shi ne ya kashe 'yata ta fari, ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, amma ba zai rantse ba.

Matata ta farko tana raye, na ji har yau ba ta yarda ta ɗauki jariri. Na ce zan je in gaya mata, babbar 'yata ta hana, wai zan tono wa tsohuwa kabari da "mai yiwuwa", kuma wai kaɗaici ne ke damuna, ba gaskiya ba.

Ban iya musa mata ba. Duk duniya matar nan kaɗai ta rage da ta san fuskar yarinyar. Jama'a, in je, ko in bar ta?