Ni na zuga ƙanina, amma matarsa ake tsine wa

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe.

Ina aiki a wani sito na kayan gyaran mota a Ras Al Khor, nan Dubai. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Amurka. Ya samu takardar zama ɗan ƙasa, yana tuƙa tirela, ya auri wata baƙar fatar can da ta musulunta, yaransu biyu. Lokacin kullen korona muna zaune a ɗaki a unguwar Al Nahda, ba aiki sai danna waya, na faɗa cikin bidiyoyin wasu Amurkawa masu cewa gwamnatinsu kamfani ce, duk wanda ya amsa sunan “citizen”, wato ɗan ƙasa, ya zama bawanta. Wai in ka cike wasu takardu ka ce kai “national” ne ba “citizen” ba, shi ke nan, ba ruwanka da lasin tuƙi, ba ruwanka da haraji, alƙali ma ba shi da iko a kanka. Ni da duk bayan shekara biyu nake fargabar sabunta biza, maganar ta shige ni. Na dinga tura masa, safe da yamma.

Ya ce, “Yaya, anya kuwa? Wani lauya a masallacinmu ya ce shirme ne.”

Na ce, “Lauya ai abincinsa yake karewa. Kai dai tun kana yaro matsoraci ne. Da ni ke da fasfonka da tuni na ’yantu.”

Wallahi wannan maganar ce ta kai shi. Ya mayar wa hukuma lasinsa, ya cire lambar motarsa ta gida ya liƙa wata da ya buga da kansa. Ba a yi wata ba ’yan sanda suka tare shi. Ya ƙi buɗe ƙofa, yana karanta musu takardar da ni na turo. Suka fasa gilashi suka fito da shi a gaban ’yarsa. Ya yi kwanaki a tsare, kamfani ya kore shi, yanzu matar ce ke riƙe da gidan. Ni da ko Amurka ban taɓa takawa ba, me na sani? Me ya kai ni?

Abin da ya fi ci mini rai, Ummanmu a Kano ta ɗora wa matar laifi, wai aƙidar danginta ce ta juya masa kai. Ta ce ya sake ta ko ta yafe shi. Alhali matar, baiwar Allah, har kuka ta yi masa kada ya yi. Shi kuma ya ce mini, “Yaya, ban faɗa wa kowa kai ne ka zuga ni ba, kai ma kar ka faɗa. Ka san hawan jinin Umma, kuma da kai take taƙama.” Na ji daɗin wannan rufin asirin, nan kuma kunyar take.

Jiya matar ta kira ni, da ’yar Hausarta da ta koya. Ta ce, “Yaya, Umma tana jin maganarka. Ka gaya mata ba ni ba ce.” Na ce inshallah, na kashe waya, na kasa komawa bakin aiki.

In na faɗa, ina tsoron abin da zai sami Umma. In na yi shiru, aure zai mutu a kan laifina. Jumma’a Umma ke jiran amsarsa.

Don Allah, me zan yi?