Faifan Bukuru

Litinin, 3 ga Yuli, 1978
Faifan kwamfuta ya sake mutuwa. A Bukuru suka zuba awon kuza a kai, na'urarsu ta karanta shi ras. Ya iso Rayfield, tawa ta yi ta gurnani, ba ko harafi. Oga Robert ya ce Badung direba ne ke lanƙwasa su a mota, in aka sake ya kore shi. Ruwa tun asuba. Ko garinmu Argungu ta samu?

Laraba, 5 ga Yuli
Badung ba mutumina ba ne. Kullum "Malam Datti, sanyin Jos bai kashe ka ba har yanzu?" Amma na duba faifan, a miƙe yake, ba karce. Na goge bakin na'ura, na gwada nawa na nan, suna yi. Ƙarya ake masa. Ga 'ya'ya a gabansa.

Juma'a, 7 ga Yuli
Wani faifan ya mutu. Oga ya ce Litinin zai sallami Badung.

Asabar, 8 ga Yuli
Na bi shi Bukuru, a ranar hutuna, ba wanda ya sa ni. Na ce a nuna mini inda faifai ke kwana kafin ya ɗauka. Livinus mai sito ya ja ni cikin alfahari zuwa rumfar injin maganaɗisu, wanda ke ware kuza da baƙin yashi. Ga ƙunshin faifan a jikin injin, an naɗe da tawul! Wai nan ne kawai ba danshi, ga ɗumi. "Kai ka ce kar su jiƙa, Malam." Ni na ce, gaskiya ne. Maganaɗisun ke shafe su tas. Dariya har da riƙe bango.

Litinin, 10 ga Yuli
A gaban Oga na sa faifai biyu daga Bukuru. Wanda ya kwana a ofis ya karantu. Na rumfa, shiru. Alhamdu lillahi! Na ce kuma kada a taɓa Livinus, kula ce ta yi masa yawa. Oga ya ce "to", ya miƙa wa Badung makullin mota. Ko sannu. Ban sa rai ba dama.

Lahadi, 16 ga Yuli
Badung ya zo da kwanon gwate daga matarsa, wai maganin sanyi. Na ce ba na cin abincin nan nasu. Ya ajiye ya zauna, ya cika ni da surutu har la'asar.
Gobe sai in mayar da kwanon. Ban san garin nan na da daɗin yamma haka ba.